Kayan aiki da safaya don doguwar tafiyar daji a ƙetare: me zan ɗauka, me zan bari?

Matafiyi_78

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san mota ciki da bai. Za mu tura Land Cruiser 78 mai injin dizal 1HZ a kwantena zuwa Kudancin Amurka. Mu biyu ne, tafiyar wata shida: daga Montebidiyo na ƙasar Yurugwai mu gangara Patagoniya, can kudancin Ajantina da Cile, mu hauro ta tsaunukan Andes har Bolibiya da Peru. Galibin hanyar da muka zaɓa ba kwalta, tsakuwa ce da gargada da yashi, wani wurin ma gari da gari akwai nisa sosai. Motar ta ci kilomita 280,000, amma lafiyarta ƙalau.

Damuwata ita ce jerin kayan da na tara ya fi ƙarfina. Akwai altaneta, kik, shokozoba huɗu, ganyen sifirin biyu, safaya taya biyu, faifan kuloci, da akwatin sufanu cikakke. Da na ɗora su a sikeli sun haura kilo 200, ban sa ruwa da mai da kayan kwana ba. Ƙaramin gyara ina iyawa, irin su juyen baƙin mai da sauya fambel da birki, amma ban taɓa sauke giyabos ba. Me ya zama dole, me kuma zan cire?

Tsohon_Bakanike

Wa alaikumus salam, ɗana. Wannan kilo 200 shi kansa matsala ne, domin a gargada nauyi ne ke karya mota. Shi ke dafa shokozoba, shi ke tsinka ganyen sifirin, shi ke fasa gefen taya. Abin da motarka za ta iya ɗauka gaba ɗaya bai wuce wajen tan guda ba, kuma a ciki har da ku biyun, da dizal, da ruwa, da kariyar ɗora kaya ta saman mota, da bambar ƙarfe idan an sa. Jarkar ƙarfe ta lita 20 cike da dizal ta kai kilo 20 ko ta ɗan ɗara. Kafin komai ka loda motar yadda za ta yi tafiya, ka hau sikelin manyan motoci, a auna gaba daban, baya daban, ka kwatanta da abin da aka rubuta a farantin motar.

Duk abin da za ka ɗauka ka tambayi kanka: idan ya lalace mota za ta tsaya cak ne, ko za ta lallaɓa zuwa gari? Idan za ta tsaya, kai za ka iya sauya shi a bakin hanya da hannunka? Faifan kuloci ya faɗi a nan, tunda sai an sauke giyabos da tiransfa, kuma ba aikin mutum ɗaya a kan yashi ba ne. Idan ba ka san yaushe aka sauya shi ba, a sa sabo tun a gida. Shokozoba ma haka. Mota na tafiya ba shokozoba, sai dai a rage gudu sosai. Ka sa sababbi huɗu masu kyau, ka riƙe robobin bushin ɗinsu da washa da noti, domin su ne ke fara cinyewa.

Mafi yawan kuɗinka ya tafi a gyaran kafin tashi. Tamin bel na 1HZ a tsofaffin samfura kowane kilomita 100,000 ake sauya shi, naka kuwa lokacinsa zai cika kana tsakiyar tafiya. Idan ya tsinke injin na aiki, bawul da fistin za su haɗu, aikin ya koma na buɗe kan injin. A sauya shi da tanshinarsa, a haɗa da famfon ruwa tunda an riga an buɗe wurin. A sauya fambel, wanda a wannan injin tagwaye ne kuma tare ake sauya su, da duk tiyon lagireto har da ƙananan na hita, da tamostat, da murfin lagireto. A buɗe ƙafafun gaba a duba boris da sil, a cika sabon giris. Tsofaffin bel da tiyo da aka cire, waɗanda ba su tsage ba, su ne safayarka: ka tabbata sun dace tunda daga jikin motar suka fito. Bayan gyaran ka yi aƙalla kilomita 1,000 kafin a rufe kwantena, domin sabon aiki a farkonsa yake nuna aibinsa, kilif da ba a ɗaure ba ko sil da aka sa a karkace.

Abin da zan sa a akwatin safaya kaɗan ne kuma yawancinsa ƙanana. Filtar dizal huɗu, domin mai mai ruwa ko datti na iya toshe biyu a rana guda. Filtar baƙin mai uku, filtar iska ɗaya. Borisin ƙafa saiti ɗaya, na ciki da na waje, a cuɗe su da giris tun a gida a ɗaure a leda, tare da sil da washar kulle noti. Ka duba lamba, a yawancin waɗannan motoci borisin gaba da na baya iri ɗaya ne. Kuros ɗin farfela ɗaya. Robobin famfon kuloci na sama da na ƙasa. Fad ɗin birkin gaba saiti ɗaya da tiyon birki ɗaya. Boltin taya biyar da notinsu. Boltin tsakiyar sifirin ɗaya da yubol biyu: idan boltin tsakiya ya guntule aksul na zamewa baya, mota ta riƙa tafiya a kaikaice, alhali abin ƙarami ne. Ganyen sifirin kuwa ka bar shi. Wanda ya karye ana ɗaure shi da ƙarfe da yubol a lallaɓa, kuma masu gyaran sifirin manyan motoci ba sa wuya a ko'ina.

Wurare biyu ne masu irin motarka suka sani, baƙo bai sani ba. Na farko boltocin da ke riƙe hannun sitiyari a ƙasan ƙugun ƙafar gaba. Gargada na kwance su, idan suka yi sako-sako sai su guntule, sitiyari ya rabu da taya. Na biyu ƙananan boltocin da ke riƙe kan shaf ɗin baya, masu washa mai siffar mazurari. Alamar kwancewarsu ita ce mai ya fara zubowa a tsakiyar rim. Ka riƙe 'yan kaɗan na kowanne da washarsu.

Mai kuwa kada ka yi dako. Baƙin man dizal ana sayar da shi duk inda babbar mota ke bi. Lita 5 na ciko ya isa, da man giya 80W-90 lita 2, man birki rabin lita wanda ba a buɗe ba saboda yana shan laima, giris na boris, da baƙin giris mai moli na joyin ɗin gaba.

Mai_Sufana

Abin da Baba ya faɗa kan safaya ba ƙari. Ni kayan aikin zan taɓa.

Akwatin sufanu cikakke rabinsa ba zai taɓa hawa notin motarka ba. Toyota na amfani da 8, 10, 12, 14, 17, 19, 22 da 24. Lamba 13 da 15 da 16 da 18 na motocin Turai ne, sai dai 13 ka riƙe guda ɗaya, domin kayan ƙari irin su kariya da rumfa yawanci da ita ake ɗaure su. A 10, 12, 14 da 17 ka ɗauki bibbiyu, ɗaya ta riƙe bolti ɗaya ta juya noti. Bos sufana ka zaɓi mai kusurwa shida, mai sha biyu na cinye kan notin da ya yi tsatsa. Hannu mai rabin inci, da dogon hannun ɓalle noti na santimita 60, da abin ƙara tsawo gajere da dogo.

Sai waɗanda ba a samu aro a hanya. Bos mai lamba 54 na notin borisin gaba, wanda in babu shi borisin da ka ɗauko ba shi da amfani. Masu Land Rover Defender nasu 52 ne. Notin borisin baya a wasu samfura na buƙatar sufana mai haƙora uku, ka buɗe ka ga irin naka. Filayar cire zoben kulle, domin kan shaf ɗin gaba. Sandar tagulla ta bugu, da ita ake girgiza washar mazurari ta fito ba tare da an lalata zaren bolti ba. Sufanar bututun birki lamba 10, mai tsaga a baki, domin fulat sufana na murje notin bututu nan take. Sufanar filta da ta dace da filtar mai da ta dizal. Famfon giris, saboda farfela na da kawunan shan giris da yawa kuma ana cika su bayan duk tsallaka ruwa. Sufanar auna ɗauri, da lambobin ɗaurin a rubuce a takarda. Sukudireba ka nemi irin ta Japan mai alamar JIS, domin Phillips na zamewa a kan sukurorinsu ta cinye shi.

Ragowar na dabara ne: hama mai kilo ɗaya, kurfi, zarton ƙarfe da ruwansa uku, magagari, filaya mai kullewa guda biyu, ƙarfen ɓamɓare taya biyu, wayar ƙarfe, igiyoyin ɗaure kaya masu racet huɗu, gam ɗin ƙarfe mai haɗi biyu, silikon na gasket, gam ɗin kulle noti, kilif ɗin tiyo girma-girma, tiyon dizal mita biyu, da gwangwanin bolti da noti na zaren motarka. Da mita biyun nan na tiyo ana iya ba injin mai kai tsaye daga jarka idan tanki ya fashe ko bututu ya toshe.

Hanyar tace akwatin guda ɗaya ce. Babban sabis ɗin da Baba ya ce a yi, ka yi shi da kanka a gaban bakanike, kuma kada ka taɓa komai sai abin da ke akwatin tafiyar. Duk abin da ka miƙa hannu ka ara, ka saya. Duk abin da aka gama bai fito ba, ka sake tunani a kansa. Ta haka kuma hannunka zai san boris kafin ranar da zai yi ƙara.

Jak ka gwada shi a kan tayar da aka sace wa iska gaba ɗaya, mota a lode. Jak da yawa ba sa shiga ƙarƙashin aksul idan taya ta kwanta, wasu kuma suna shiga amma ba sa ɗagawa har sabuwar taya ta hau. Ka haɗa da katako mai kauri, santimita 30 kowane gefe, don kada ya nitse a yashi. Kada ka shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai ke riƙe da ita, ka tura safaya taya ƙarƙashin shasi tukuna. Dogon jak ɗin nan na daji ni ban ga dalilinsa a wannan tafiya ba: ya kai kilo 13 ko fiye, sai mota na da wurin kama shi, kuma hannunsa na iya tashi ya bugi haɓa.

Matafiyi_78

Allah ya saka da alheri, Baba da Malam. Kuloci da shokozoba da ganyen sifirin sun fita. Saura biyu da har yanzu nake jinjinawa: taya ta biyu, da altaneta da kik. Idan wuta ta ɗauke a inda ba kowa fa?

Injiniyar_Wuta

Malam, a kan wuta hankalinka ya kwanta, domin injin da ka zaɓa ba ya cin wuta. Famfon nozul na 1HZ na inji ne zalla, ba kwamfuta. Da zarar ya tashi, wutar da yake buƙata ita ce ta ɗan solonoyid da ke buɗe wa dizal hanya. Idan altaneta ta mutu, ka kashe firij da fitilu da fanka, ka yi tafiyar rana, batir mai kyau zai kai ka nesa. In kana da farantin sola ma ya ishe ka ciko. Abin da ke mutuwa a altaneta galibi burushin gawayi ne ko regileta, laka da ƙura ke cinye su, kuma duka biyun sun shiga aljihu. Kik ɗin Denso shi ma ciwonsa sananne ne: ka murɗa makulli ka ji ƙas guda ɗaya, injin bai juya ba. Tagullar da ke cikin solonoyid ɗinsa ce ta cinye. Ka riƙe saitin tagullar da sandarta, ko ka sa sababbi kafin tashi. Solonoyid ɗin dizal ka ɗauki ɗaya, ka kuma sa a nuna maka inda yake, domin idan ya ƙi, kik zai yi ta juyawa injin ba zai kama ba.

Sauran: mitar wuta, fis na kowace lamba uku-uku, babban fis ɗin da ke kusa da batir, rile biyu, waya mita biyar kauri biyu, kawunan waya da filayar matse su, kan batir ɗaya, wayar jan wuta mai kauri, da hita-fulog biyu masu lambar da ta dace da naka. Yawancin matsalar wuta a gargada ba na'ura ce ke mutuwa ba, waya ce ke gogar ƙarfe har ta fiƙe, ko wayar as, mai haɗa batir da jikin mota, ta kwance. Ka bi duk wayar da aka ƙara bayan kamfani, ka sa mata fis kusa da batir, ka sa roba duk inda ta ratsa ƙarfe.

Ga mai karatu da ke da sabuwar dizal mai kwamfuta, lissafin ya bambanta. Nozul ɗinta na aiki da matsin da ya haura 1,600 a ma'aunin bar, ruwa kaɗan a mai na lalata su, don haka ƙarin filta mai raba ruwa dole ne, da na'urar OBD2 mai karanta matsala daga kwamfutar mota, da senson kiransha.

Taya kuma, a nan na ɗan saɓa wa masu cewa ɗaya ta isa. Tsakuwar Patagoniya gefen taya take yanka, kuma yankan gefe ba ya facin dindindin. Amma ba sai ka ɗauki rim biyu ba. Safaya ɗaya cikakkiya, ta biyu roba zalla ba rim, ka rage nauyi sosai. Ka tsaya a girman da ake samu, 235/85R16 ko 7.50R16, mai ƙarfin ɗaukar kaya. Ka sani rim ɗin 78 bolti biyar ne, na tsohuwar Land Cruiser da Hilux mai shida ba zai hau ba. Ka kuma duba irin rim ɗinka. Idan mai zobe ne mai tiyub, igiyar facin tubles ba ta yi maka komai, tiyub biyu da faci da gam kake buƙata, kuma lokacin ba da iska zoben ya kalli ƙasa, kai kana gefe. Idan tubles ne, igiyar faci 30, bawul huɗu, da tiyub ɗaya na ranar da yanka ya fi ƙarfin igiya. Kwamfuresa ka sayi mai kama kan batir kai tsaye, domin mai ƙarfi na jan amfiya 30 ko fiye, soket ɗin cikin mota ba ya ɗauka. A tsakuwa ka rage iska kamar kashi 20 cikin 100 ka rage gudu, a yashi mai laushi ka sauko wajen 18 a gejin psi, ka mayar da zarar ka hau kwalta, in ba haka ba zafi zai cinye tayar daga ciki.

Dan_Kwantena

Ɗan'uwa, kafin ka sayi komai ka auna tsayin motar. Ƙofar kwantena ta yau da kullum wajen mita 2.28 ce, ta kwantena mai ƙarin tsayin sama wajen 2.58. Motarka da kariya a sama da wuya ta shiga ta farko sai an kwance kariyar ko an sace iskar taya. Ka nemi kamfanin jirgin ya rubuto maka abin da ya hana. Yawanci suna so mai ya rage kaɗan a tanki, a cire kan batir, jarkoki su zama wayam, kuma tukunyar gas da gwangwanin feshi da batirin litiyam na da dokarsu daban. Gara ka sayi man feshin tsatsa da na wanke birki bayan ka sauka. Sufanu ka shafe su da mai, domin makonni a teku cikin rufaffen ƙarfe na jawo tsatsa.

Ka rubuta jerin duk kayan da lambar kowace safaya, da Turanci da Sifaniyanci, domin kwastan. Safaya ɗaya-ɗaya ta amfanin mota ba ta cika jawo magana ba, abu iri ɗaya da yawa a kwalinsa ne ke kama da haja. Ka adana lambar shasi da littafin gyaran motar a waya da takarda. Land Cruiser da yawa a yankin, musamman Bolibiya, na fetur ne, don haka kayan ƙafa da birki za ka iya samu, amma filta da bel da hita-fulog na 1HZ kada ka dogara da sa'a. Abin da aka aiko ta jirgin sama kuma na iya daɗewa a kwastan.

Tsauni na da nasa. Injin da ba tabo na rasa kusan kashi 10 cikin 100 na ƙarfinsa a kowane mita 1,000, kudancin Bolibiya kuwa hanya na haura mita 4,000. Zai yi baƙin hayaƙi, ka sauko giya kada ka danne totur. Da dare sanyi na sauka ƙasa da sifiri sosai, dizal ya yi kauri ya toshe filta. Ka zuba maganin hana daskarewa tun man na da ɗumi, ka ajiye motar hancinta na kallon gabas don rana ta fara dukan injin. Ruwan lagireto a haɗa shi rabi da rabi da maganin sanyi. Idan ka hau filin gishirin Uyuni na Bolibiya, a wanke ƙarƙashin motar da ruwa mai yawa a ranar, a sake cika giris.

Wajen lodi, mai nauyi ya zauna ƙasa tsakanin aksul biyu, a ɗaure shi sosai a cikin motar. Sufanu a naɗe su a tamfol maimakon akwatin ƙarfe. Robar mai a sa ta tsaye a cikin wata roba, domin gargada na goge gindinta har ya huje. Bel kada a lanƙwasa shi ya karye.

Tsohon_Bakanike

Na yarda da 'yata kan robar taya ta biyu, da sharaɗin ka koyi cire taya daga rim tun a gida, kana danne bakinta da gindin jak a ƙarƙashin motar. In ba ka iya ba, dakon banza ne.

Ba wanda ya ambaci kayan ja. Shebur mai dogon hannu, allunan yashi biyu, igiyar ja mai talewa wadda ƙarfinta ya ninka nauyin motar a lode sau biyu zuwa uku, da shakul biyu masu lamba a jiki. A ɗaura a ƙugiyar da aka ɗaure da shasi. Kada a taɓa rataya igiya a ƙwallon jan tirela, yana guntulewa ya tashi kamar harsashi, kuma ya kashe mutane.

Ka sayi alƙalamin fenti fari. Bayan an ɗaure komai daidai, ka ja layi daga kan noti zuwa jikin ƙarfe a notin taya, yubol, hannun sitiyari, kan shaf ɗin baya, farfela, shokozoba da ƙafafun kariya. Kowace safiya kafin ka tada injin ka zagaya da tocila, layin da ya goce notinsa ya motsa. Ka tsiyaye ruwan da ke gindin filtar dizal, ka buga filtar iska a hankali ƙura ta zube, kada ka hura ta da kwamfuresa domin takardar na hujewa. Bayan awa ɗaya da tashi ka tsaya ka kai bayan hannu kusa da tsakiyar kowace ƙafa. Wadda ta fi 'yan'uwanta zafi, boris ne ko birki ke kamawa, a ɗaga ta a girgiza a duba kafin a ci gaba.